Iskandariya: ranar da gari duka ke fita shaƙar iska

A watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ke hana mutanen Maraɗi da Tawa kwana cikin ɗaka, a birnin Iskandariya na ƙasar Masar iska mai sanyi ce ke tasowa daga Bahar Rum. Hunturu ya wuce, zafi bai iso ba. Cikin wannan ɗan tsakani ne Misirawa ke yin bikin Shammun Nasim, ma'ana shaƙar iska, ranar da ake rufe ma'aikatu da makarantu, kowane magidanci ya tattara iyalinsa su fita.

Masana tarihi suna danganta bikin da Shemu, lokacin girbi a ƙidayar mutanen zamanin Fir'auna. A yau yana faɗawa ranar Litinin da ke bin Idin Ista na Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, shi ya sa yake sauyawa tsakanin Afrilu da farkon Mayu: a 2024 ran 6 ga Mayu aka yi shi, a 2025 kuma ran 21 ga Afrilu. Ba a zuwa masallaci ko coci dominsa. Musulmi da Kirista fili ɗaya suke shimfiɗa tabarma.

Tun daren jajibiri yara ke rina dafaffen ƙwai da launi iri-iri. Da safe uwargida ta cika kwando da ƙwan, da albasa mai lawashi, da ganyen salati, da kifin da suke kira fasik, wanda ake bari ya ɗan rubu sannan a bizne shi cikin gishiri makonni. A nan baƙo ya yi hattara. A watan Afrilu na 1991 gubar wannan kifi ta kwantar da mutum 91 a asibitocin Alƙahira, 18 suka rasu, kuma kowace shekara ma'aikatar lafiya na jan kunnen jama'a a kansa. Mai tafe da yara gara ya tsaya ga kyafaffen kifin da suke kira ringa.

Wuraren da iyalai ke cika a ranar su ne tarihin garin. Sarki Iskandar na Makidoniya ya kafa birnin shekara 331 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba da jimawa ba aka gina hasumiyar Faros mai tsawon fiye da mita 100, wadda wutarta ke yi wa jiragen ruwa jagora, har girgizar ƙasa ta ƙarni na 14 ta ƙarasa rushe ta. A gurbinta ne Sarkin Masar Ƙaitabayi ya gina gidan tsaronsa tsakanin 1477 da 1479. Yara na hawa ganuwarsa suna kallon jiragen masunta, a ƙarƙashin ruwan kuwa akwai manyan duwatsun hasumiyar da masu nutso suka gano a 1994.

Tafiyar mintoci kaɗan daga nan akwai masallacin Shehu Abul Abbas Almursi, babban malamin ɗariƙar Shaziliyya. Dab da shi kabarin almajirinsa yake, Imamu Busiri, mai littafin Burda da malaman zaure na Damagaram da Madawa ke karantawa. Wanda ya tashi yana jin Burda a Mauludi ba zai wuce wurin nan bai tsaya ba.

Idan aka bi babban titin bakin teku zuwa gabas, sai a iso sabon ɗakin karatu na Iskandariya, wanda aka buɗe a watan Oktoba na 2002 don tunawa da na dauri da ya salwanta. An yi masa wurin ajiye littafi miliyan 8, da sashen yara, da zauren da ake nuna musu tafiyar taurari. A ƙarshen titin kuma lambun Muntaza ne, inda Sarki Abbas Hilmi na biyu ya gina fada a 1892. Nan ne mafi yawan kwandunan ke sauka ƙarƙashin itatuwan dabino. Garin ba baƙo ba ne ga ma'aikatan Nijar, domin tun 1990 Jami'ar Senghor ke horar da ma'aikatan ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci.

Sai dai tekun da ya raya garin shi ne ke cin sa. Tun da aka gama madatsar Aswan a 1970, laɓon da kogin Nilu ke kawowa gaɓa ya ragu ƙwarai, ƙasa na nutsewa sannu a hankali, ruwan teku na ƙaruwa. Hukuma ta jera dubban tubalan kankare don kare gidan tsaron Ƙaitabayi da titin gaɓa. A watan Oktoba na 2015 ambaliyar ruwan sama ta kashe mutane a garin, har gwamnan ya ajiye aiki. Uban da ya kai ƴaƴansa can yana nuna musu abin da ake fama a tsare ne.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da harka ta kai Alƙahira, tsakanin biranen biyu kusan kilomita 220 ne, awa uku a jirgin ƙasa. Ya kamata a kama ɗakin otel da wuri, a iso tun ranar Lahadi, a kuma tafi da mayafi, domin lokacin ne iskar hamsin ke taso da ƙurar hamada ba tare da sallama ba.