Kada a Goge Kwabo Mai Huji

A tsofaffin gidajen Gaya da Ajingi ba a rasa tsabar kuɗin da kasuwa ta daɗe da sallama: anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi, sule, fataka, ƙulle a tsumma can gindin adaka. Wani gidan har da wuri. Abin takaici, da zarar matashi ya tsince su sai ya ɗauko toka da lemun tsami ya dirje su don su yi ƙyalli kafin ya ɗauki hoto. Nan take ya zubar musu da daraja, domin masana tsofaffin kuɗi sun fi son tsaba da duhun da shekaru suka sa mata, kuma zanen da dirza ta cinye ba ya dawowa.

Kafin tsaba, wuri ne kuɗi. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa, kuma tun daga tsibiran Maldib yake fitowa. Da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Kano a 1851, ya tarar dalar azurfa guda tana cin wuri 2,500. Wannan dala, mai hoton Sarauniya Mariya Teriza ta Ostiriya, tana yaudarar mutane har yau. Za ka ga 1780 a jikinta ka ɗauka ka yi babbar tsintuwa, alhali shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayanta wannan shekarar suke ɗauke da ita. Ta gaskiya nauyinta giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kuma akwai rubutu a bakinta zagaye. Shi ya sa hoton fuska biyu bai wadatar ba, sai an haɗa da na baki.

Turawan mulki sun fito da anini da kwabo a 1907, da tauraro mai tsini shida, da huji a tsakiya, da rubutun Larabci. Aninin farko na alminiyam ne, amma bai jure yanayinmu ba, aka sauya ƙarfen a 1908. Wanda ya riƙe na 1907 ya lallaɓa shi. Haka kwabon 1936 mai sunan Edward na Takwas, sarkin Ingila da ya yi murabus bai cika shekara ba. A ƙura ido kuma, ana iya ganin ɗan ƙaramin harafin H ko KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga tsabar.

Wayar hannu ta isa aikin ɗaukar hoton tsaba. A shimfiɗa baƙin ƙyalle kusa da taga da hantsi, a kashe fitilar waya, a bar haske ya shigo ta gefe guda, shi ne ke tayar da inuwar rubutun da ya soma shafewa. A ɗora wayar a kan littattafai don kada hannu ya yi rawa, a ajiye rula a gefe. Tsabar kuwa a bakinta ake kamawa, gumin yatsa tabo yake bari.

Hoto ba bayani rabin aiki ne. A ba kowace tsaba lamba, a rubuta shekararta da nauyinta, sannan abin da babu gidan tarihin da zai iya faɗa maka: ta wa ce, ta yaya ta shigo gidan? Sadaki ce, ko kuɗin gyaɗa, ko guzurin wani falke mai bin hanyar Barno? Wannan sai a bakin dattawa, kuma su ma tafiya suke yi.

Wajen ajiya, kowace a ambulan ɗin takarda ita kaɗai. Leda mai laushi na sa tsaba ta yi kore, musamman da damina. Mai son kwatanta nasa da wasu, Babban Bankin Nijeriya na da gidan tarihin kuɗi a Abuja.