Bindigar da Ta Ƙi Yin Ruri

A ɗakin kakana akwai hoto guda da muka taso muna gani: yana tsaye cikin kaki, hula a karkace, riƙe da bindigar da ya je yaƙin Bama da ita. Lee-Enfield ce mai cin harsashi .303, katako ya lulluɓe ta har kusa da hanci. Yakan ce in ta tashi, kafaɗa ce ke fara jin labari kafin kunne.

Don haka ranar da wani abokina ya kai ni ƙungiyarsu ta masu wasan harbi a gefen Birmingham, na hango wani dattijon Bature yana zaro irinta sak daga jaka, gabana ya faɗi. Ɗaki ne rufaffe, tsakanin mai harbi da allon saiti yadi 25 kacal. Wa zai saki .303 a nan? Na danne abin toshe kunnena da tafin hannu, na ƙanƙance ido.

Tas.

Shi ke nan. Kamar an karya busasshen kara. Kafaɗar dattijon ko motsi ba ta yi ba. Ya ja sakata baya, na zuba ido in ga kwanso ya yi tsalle, ban ga komai ba. Sai wata 'yar ƙara a cikin bindigar, kamar an jefa kwabo a gwangwani.

Tunanina na farko shi ne kwaikwayo ce, irin ta masu shirya fim. Da ya gama ya buɗe sakata ya miƙo mini, nauyinta ya ƙaryata ni. Kilo huɗu ne ko kusa da haka, ga tambarin kambin sarautar Ingila a ƙarfen, ga ma'aunin saiti mai lambobi har yadi 2000. Ta soja ce, ba tantama.

"Leƙa bakinta, samari," in ji shi, yana murmushin wanda ya saba ganin irin wannan ruɗewa.

Ramin ya yi ƙanƙanta. Na .303 kusan milimita 7.7 ne, wannan kuwa bai wuce 5.6 ba. Da na matso da ita kusa da fitila na ga wani siririn zobe kewaye da ramin, alamar ƙarfe cikin ƙarfe. A gefe an buga kalma guda: Parkerifled. Kamfanin A.G. Parker na nan Birmingham, wanda daga baya ya zama Parker-Hale, shi ya shahara da wannan aiki. Sai a rarake tsohon bututun da ya cinye, a zura sabon siriri a ciki, mai cin harsashi .22. To, an gane dalilin rashin ruri. Dalmar .22 ba ta kai giram 3 ba, ta .303 ta haura 11, albarushin da ke bayansu kuwa ba a ma haɗa su.

Amma ina kwanson ya shiga? Dattijon ya cire gidan harsashi ya girgiza shi a kunnena. Gidan da aka yi don harsashi 10 fanko ne, an kwashe sifirin da farantin da ke tura harsashi sama, an buga .22 a jikinsa. Ɗaya-ɗaya ake ɗura harsashi da yatsa, in an ja sakata ƙaramin kwanson ya faɗa ciki. Rumbu ya koma kwandon shara, kuma ni dai na ga wannan dabara ta fi komai burge ni, domin ba a ƙera sabon abu ba, cirewa kawai aka yi.

Ya zazzage kwansayen a tafina, nan kuma na sake cin karo da wata tambaya. Kwanson .303 ɗin da na taɓa gani yana da ɗan maɓalli a tsakiyar gindinsa, nan allura ke sara, wuta ta tashi. Waɗannan gindinsu sumul yake, sarar tana can a gefe, a kan leɓe. Harsashi .22 haka aka yi shi, har da samfurin da wannan bindigar ke ci, wanda kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi a 1887: sinadarin tartsatsin yana cikin leɓen da ya kewaye gindi, shi ya sa ƙera shi ke da araha. To allurar da aka yi don ta sari tsakiya, yaya aka yi ta sari gefe?

Ya juyo da kan sakatar. Ramin da allura ke leƙowa ya kauce daga tsakiya. Lee-Enfield tana da wata baiwa, kan sakatarta kwancewa yake yi, don haka masu ƙera makamai suka sauya shi da wani mai rami a gefe, da ɗan ƙugiyar da ke iya kamo ƙaramin kwanso. Sauran jikin bindigar bai san an yi ba.

Saura tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi damuna: me ya sa gwamnati za ta sha wannan wahala, ba ta sayi ƙananan bindigogi kawai ba? Amsar ta faro ne daga yaƙin Boer na 1899 zuwa 1902, inda manoman Afirka ta Kudu suka nuna wa sojan Ingila cewa bai iya saiti ba. Lord Roberts, wanda ya jagoranci sojan Ingila a yaƙin, ya dage a koya wa jama'a harbi. Sai dai .303 na da tsada, kuma tana son fili mai nisan gaske a bayan gari. Ita .22 ana harba ta a zauren bariki, cikin ruwa da sanyi, da ɗan kuɗi kaɗan. Abin da ake so kurtu ya koya kuwa hannu ne: nauyin, jan kunama, tafiyar sakata, duk su zama irin na bindigar da zai riƙe a fagen fama. Daga 1926 sunan irin wannan bindigar a littafin soja ya zama Rifle No. 2 Mk IV.

Dattijon ya sa mini harsashi guda, ya nuna mini yadda zan kwanta. Na ɗora kuncina a katakon, na matse gindinta a kafaɗa iya ƙarfina, ina jiran dukan da kakana ya yi mini alkawari. Tas. Na ja sakata, kwabo ya faɗa gwangwani.