Idan Kuɗin Gyara Ya Fi Ƙarfin Aljihu: Me Ake Fara Gyarawa a Tsohuwar A-kori-kura?

Mutum ya kai motarsa gareji da safe saboda wata 'yar ƙara da yake ji ta gefen gaba. Da la'asar ya dawo, makanike ya goge hannu da tsumma ya miƙo masa takarda. Ga birki, ga sifirin, ga kuloci, ga lagireto, ga salansa, can ƙasa kuma an rubuta a sauke injin. Da ya haɗa jimla sai ya ga ta kusa kamo kuɗin da ya sayi motar. A nan ne masu mota suke rabuwa biyu: wani ya ce cuta ce, ya ɗauki motarsa ya tafi bai gyara komai ba, wani kuma ya ci bashi ya biya duka. Dukansu sun yi gaggawa.

Ba abin mamaki ba ne takardar ta yi tsawo idan aka dubi shekarun waɗannan motoci. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma a-kori-kura ƙirar 504 da ta fito daga can har yau tana jigilar hatsi da dabbobi a kasuwannin ƙauye. Toyota Hilux kuwa tun 1968 aka fara ƙera ta a Japan, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke hannun ƙananan 'yan kasuwa da manoma sun haura shekara ashirin. Ƙarfen da ya yi waɗannan shekaru yana ɗaukar kaya a kan hanyar burji, duk inda aka taɓa za a sami abin faɗa. Ga shi kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 kayan gyara, waɗanda kusan duk daga waje ake shigo da su, suka yi tashin gwauron zabo.

Abin da ya kamata mai mota ya gane shi ne, takardar makanike jerin abin da idonsa ya gani ne, bisa yadda ya ci karo da su. Ba a jera su bisa haɗarinsu ba. Abin da zai iya kashe mutum gobe da abin da zai iya jira shekara guda suna zaune kafaɗa da kafaɗa a layi ɗaya. Aikin mai mota shi ne ya sake jera su, kuma ba zai iya ba sai ya shiga ramin gareji da kansa. Gani ya kori ji.

Farkon abin dubawa sau da yawa ma ba ya cikin takardar, wato shasi. Mota irin Hilux a kan dogayen ƙarafa biyu aka ɗora ta, su ke ɗauke da injin da bodi da kaya. A riƙe tocila da sukudireba a bi su daga gaba har baya, musamman bayan gidan direba da wuraren da sifirin ke rataye. Tsatsar sama ba komai ba ce. Amma idan aka soka sukudireba ta nutse, ko ƙarfe ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon itace, ko aka ga tsaga a gefen tsohon walda, to magana ta canza. A ƙasarmu mai bushewa tsatsa ba ta cika yin ɓarna ba, sai a motocin Beljiyam da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, da kuma motocin da suka daɗe suna ɗaukar takin zamani ko gishiri ko kanwa ko awaki. Tsaga kuwa lodi ke kawo ta. Waɗannan motoci an yi su ne don kayan da bai wuce kimanin tan ɗaya ba, buhu goma ke nan na masara mai kilo 100, amma kowa ya san abin da ake labta musu ranar kasuwa. Idan shasi ya ruɓe a wurare da yawa, duk kuɗin da aka zuba a injin an zuba ne a rariya.

Idan shasi na da lafiya, sai birki. A zauna a kujerar direba a taka shi a riƙe. Idan ƙafa tana nutsewa a hankali har ta kai ƙasa, akwai inda mai ke zurarewa, ko dai a bututu ko a cikin babban famfon birki. A leƙa bayan tayoyin baya. Jiƙewar mai a cikin gangar birki alama ce robar ciki ta mutu. Akwai dabaru biyu da ake yi a hanya waɗanda ya wajaba a kira su da sunansu, ganganci. Ɗaya shi ne toshe bututun ƙafar da ke yoyo a bar motar da birkin ƙafa uku. Ranar da aka taka da ƙarfi sai ta fizgi gefe guda. Na biyu zuba ruwan sabulu a madadin man birki. Shi man birki na gaskiya ma yana shan laima daga iska, shi ya sa ake canza shi duk bayan kamar shekara biyu. Idan ruwa ya yi yawa a cikinsa, zafin doguwar gangara irin ta Hawan Kibo yana tafasa shi, direba ya taka ya ji iska. Abin takaici, gyaran birki na cikin mafi araha a takardar, amma shi aka fi ɗagawa, saboda motar tana tashi tana tafiya ko da shi ko babu.

Sitiyari abokin tafiyar birki ne. A ɗaga ƙafar gaba da jak, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga. Idan ta yi ƙwas-ƙwas, boris ne ko boljoyin. A sake kama ta hagu da dama. Wasa a nan na tayarod ne. Duk wanda ya taɓa ganin mota a bakin titi ta durƙusa, tayar gaba ta shige ƙarƙashinta, ya ga aikin boljoyin da aka daɗe ana cewa bari sai wani mako.

Taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a jikinta. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen wani jerin rubutu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, domin roba tana bushewa ko da zanenta bai cinye ba. Zanen kuma idan zurfinsa ya gaza milimita 1.6 ya ƙare. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, tsohuwar taya da ke ɗauke da lodi a kan kwalta ba ta ba da sanarwa. Fitilu da abin share gilashi su ma cikin abin da ke taɓa rai suke, kuma kuɗinsu kaɗan ne.

Bayan abin da ke taɓa rai, sai ƙananan larurorin da ke haifar da manya. Babbansu zafin injin. Tiyon ruwa da ya kumbura, murfin lagireto da robarsa ta mutu, fambel da ya fara tsattsagewa: kowannensu ɗan kuɗi ne. Amma injin ya yi zafi sau ɗaya har allura ta kai ja, gasket na iya ƙonewa, kan injin ya lanƙwashe ko ya tsage. Murfin lagireto ba murfi ba ne kawai. Yana matse ruwan ne don kada ya tafasa a digiri 100 yadda yake yi a tukunya. Ruwan rijiya kuma yana barin farin dutse a cikin ƙananan bututun lagireto har ya toshe su. Akwai gwaji mai sauƙi: da safe kafin a tayar da mota a buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. Idan aka ga kumfa mai launin shayi da madara, a ciro sandar auna mai a duba. Idan shi ma man haka yake, ruwa ya shiga cikinsa, kuma wannan ba ya jira.

Masu Hilux mai shan gas, irin injin 2L da 3L, suna da ƙarin abin lura. Bel ɗin roba ne ke daidaita motsin sama da ƙasan injin, kuma ana canza shi duk kilomita 100,000. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Ranar da ya tsinke, fistan ya doki bawul, gyaran bel ya koma gyaran injin. Wanda ya sayi motar a hannu kuma bai san yaushe aka canza shi ba, ya ɗauka ba a canza ba. Injin 504 da 22R na Hilux mai shan fetur sarƙa gare su, ita kuwa takan yi ƙara tun da wuri.

Yanzu ga babban layin da ke tayar da hankali, sauke injin. Hayaƙi yana magana ga mai lura. Baƙi na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma sau da yawa matatar iska ce ƙurar hunturu ta toshe, ko kafireto ke son wanki. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi ɗumi, ruwa ne. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, galibi ringi ne suka gaji. Injin da ke shuɗin hayaƙi kaɗan yana iya yin watanni yana aiki, muddin ana duba mai kowace safiya ana cikawa. Kafin a yarda a buɗe shi, a nemi a auna ƙarfin matsin kowace silinda da ma'auni. Aikin 'yan mintoci ne, kuma shi ke raba zato da tabbas. Amma ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan injin, ko fitilar mai da ke kamawa ana cikin tafiya, a kashe mota nan take. Haka yoyon mai: wanda ke gumi yana tara ƙura zai iya jira, wanda ke barin tabo a ƙasa kowane dare ba zai jira ba.

Kuloci mai sulɓi yana ba da lokaci idan aka rage lodi. Fenti, lotsewar bodi, na'urar sanyaya mota, yagaggiyar kujera, duk sai hali ya yi. Ƙarar salansa ma haka, sai fa idan hayaƙin yana shigowa gidan direba, don iskar da ke cikinsa ba ta da wari kuma tana sa barci a kan sitiyari.

Rarraba gyara yana da iyaka, domin wani aikin kuɗin hannu ne ya fi yawa a cikinsa. Idan har an sauke giya don kuloci, a canza faifan da mamatsinsa da boris ɗinsa da robar man da ke bayan injin gaba ɗaya, kada a biya kuɗin saukewa sau biyu. Batun kaya kuma, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za a sami sabo na asali, da Beljiyam, da jabu a kwali mai kyau. Giya, aksul, ƙofa, duk abin da yake ƙarfe ne zalla, Beljiyam mai kyau yakan fi sabon jabu ƙarko. Amma roba da bel da kayan birki sabo ake saya, na asali. Araha ba ta ado.

Duk wannan ba ya bukatar faɗa da makanike. Tambaya ce cikin mutunci: "Malam, a cikin waɗannan wanne ne idan na bari zai iya jawo asarar rai? Wanne ne zai lalata wani abu? Wanne ne zai kai bayan girbi?" Makaniken kirki zai ce, "Alhaji, sauko ka gani," ya ɗora hannunka a kan abin da ke wasa. Wanda ya ƙi nunawa, ko ya ce duka dole ne yau, a kai motar wani gareji ba tare da an nuna takardar farko ba, a ga inda bakinsu zai zo ɗaya. A kuma karɓi tsofaffin kayan da aka cire.

Saura tambayar ko a gyara ko a sayar. Mutane kan auna kuɗin gyara da kuɗin da motar za ta yi a kasuwa, ni kuwa ina ganin ma'aunin bai cika ba. A auna shi da kuɗin sayen wata, wadda ita ma tsohuwa ce kuma ba a san abin da ta ɓoye ba, sannan da abin da wannan ke shigowa da shi duk mako. Motar da shasinta ke da lafiya kuma injinta ya ci gwajin matsi ta cancanci gyara kashi-kashi. Wadda shasi da injin da giya suka gaji tare, sayarwa ta fi, a kuma faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke jikinta. Wanda ya zaɓi riƙewa ya ajiye ɗan littafi a aljihun mota, ya rubuta abin da aka canza da ranar da aka canza da abin da aka ɗaga zuwa gaba. Da yake mitar kilomita ta yawancin waɗannan motoci ta daɗe da tsayawa, da watanni zai riƙa lissafi.