Yadda Tashoshin Gwaji Suka Yaɗa Kiɗan Jaz a Amurka

Tun kafin rediyo ya zama sana'a a Amurka, injiniyoyi ne da masu sha'awar harhaɗa wayoyi suke gwada shi a garejinsu da ɗakunan bincike. Gwamnati takan ba irin waɗannan tashoshi lamba mai harafin X, alamar cewa na gwaji ne. Lee de Forest yana da 2XG a New York, wadda ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 1916, har ta yi riga-malam-masallaci ta ce Charles Hughes ne ya ci, alhali Woodrow Wilson ne. Frank Conrad, injiniyan kamfanin Westinghouse, yana da 8XK a garejinsa kusa da Pittsburgh.

Damuwar waɗannan mutane ita ce abin da za su sa a iska. Mutum ba zai yini yana surutu a makirfo ba. Sai Conrad ya riƙa kara makirfon a bakin garmaho, wani kantin faifai yana ba shi faifai shi kuma yana ambaton sunan kantin. Da Westinghouse ya ga jama'a na sayen akwatin saurare, sai ya buɗe tashar KDKA ranar 2 ga Nuwamba, 1920. A cikin 1922 kaɗai, tashoshi suka haura 500.

A daidai lokacin ne jaz ke tashe. Kiɗa ne na baƙaƙen fatar New Orleans, ko da yake faifansa na farko, na 1917, wata ƙungiyar Turawa ce ta yi shi, wato Original Dixieland Jass Band. Masu tashoshi suka gano hanya mai sauƙi: a ja wayar tarho zuwa otal ko gidan rawa, a kafa makirfo gaban makaɗa. Tasha ta sami shiri a arha, makaɗa sun sami talla kyauta.

Shi ma dare ya ba da tasa gudummawar. Da rana, wani ɓangare na ƙasa-ƙasa a sararin samaniya yana shanye igiyoyin matsakaicin zango. Rana na faɗuwa sai ya yi rauni, igiyoyin su kai ɓangaren da ke sama, su dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa mai murɗa rediyo da daddare yake tsintar tashoshin da ba ya samu da hantsi. Jaz kuwa kiɗan tsakar dare ne. A 1922 ƙungiyar Coon-Sanders ta fara kaɗawa daga otal ɗin Muehlebach ta tashar WDAF a Kansas City, ana jin ta a jihohi masu nisa.

Rediyo ya ɓula katangar wariyar launin fata. Gidan rawa na Cotton Club da ke Harlem, inda makaɗi Duke Ellington ya fara aiki a Disamba 1927, Turawa yake karɓa a matsayin baƙi, baƙar fata sai dai ya yi kiɗa, ko rawa, ko hidima. Amma da aka fara watsa wasan kai tsaye, duk mai akwatin rediyo ya sami rabonsa, ba mai tare shi a ƙofa.

Labarin Count Basie ya fi kowane nuna tasirin tashar gwaji. A 1936 yana kaɗa fiyano da 'yar ƙungiyarsa ta mutum tara a Reno Club, wani ƙaramin gidan rawa a Kansas City, Lester Young na busa saksofon. Tashar W9XBY, wadda aka ba lasisin gwada watsa sauti mai tsabta a can ƙarshen zangon, ita ke ɗaukar wasan. Wani dare John Hammond, mai farautar makaɗa, yana zaune cikin motarsa a Chicago, fiye da kilomita 600 daga wurin, ya murɗa rediyo har ƙurya, sai ya ci karo da su. Ya yi ta yabonsu a mujallu, ya je ya same su, ya taimaka aka faɗaɗa ƙungiyar. Kafin shekarar ta ƙare suna New York, a Janairun 1937 kuma suka fara naɗa wa kamfanin Decca faifai.

Masu gwaji ba su fito don yaɗa jaz ba, neman abin gwada na'ura suke yi. Sai dai bukatarsu ta dace da ta makaɗan da wariya ta taƙaita wa wuraren wasa, kowa ya ci moriyar ɗan'uwansa.