Muhawarar FIFA da PES

Muhawarar FIFA da PES taƙaddama ce da aka daɗe ana yi tsakanin masu buga wasan ƙwallon ƙafa na bidiyo, a kan wanne ya fi cikin manyan wasanni biyu: FIFA na kamfanin EA Sports da ke Amurka, da Pro Evolution Soccer, wato PES, na kamfanin Konami da ke Japan. Muhawarar ta shafi yadda wasan yake a hannu, da kyawun hoto, da lasisin ƙungiyoyi, da kuma kuɗin da mai wasa ke kashewa. Duk da cewa wasannin biyu sun sauya suna, FIFA ya koma EA Sports FC, PES kuma ya koma eFootball, har yanzu da tsofaffin sunayen aka fi kiransu a shagunan gem na ƙasar Hausa.

Tarihi

Kamfanin EA Sports ya fitar da wasansa na farko mai suna FIFA International Soccer a ƙarshen shekarar 1993, bayan ya samu izinin amfani da sunan Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya. Daga nan ya riƙa fitar da sabo duk shekara. Konami kuwa ya fitar da International Superstar Soccer a 1994, sannan Winning Eleven a 1995 a kan na'urar PlayStation. A shekarar 2001 ne aka fara sayar da wasan a Turai da sunan Pro Evolution Soccer.

A zamanin PlayStation 2, wadda Sony ya fitar a shekarar 2000, PES ne ya fi samun yabo daga masu wasa da masu sharhi, musamman PES 5 na 2005 da PES 6 na 2006. Da aka koma PlayStation 3 da Xbox 360 sai lamarin ya juya. Konami ya sha wahala wajen gina wasansa a kan sababbin na'urori, EA kuma ya gyara nasa sosai. FIFA 10 ya ba ɗan wasa damar juyawa da ƙwallo ta kowace fuska, FIFA 12 kuma ya sauya yadda ake tsare gida. Tun daga wannan lokaci FIFA ya yi wa PES nisa a kasuwa. Ya zuwa 2021 an sayar da kwafin FIFA sama da miliyan 325, na PES kuma sun haura miliyan 100.

A ranar 30 ga watan Satumba, 2021, Konami ya fitar da eFootball 2022 a matsayin wasan kyauta. Wasan ya fito da kurakurai masu yawa, ciki har da fuskokin 'yan wasa da suka karkace da ƙarancin ƙungiyoyi, har ya zama ɗaya daga cikin wasannin da masu amfani da dandalin Steam suka fi kushewa. Konami ya fito ya ba da haƙuri, ya kuma ɗauki watanni yana gyara. A ɗaya ɓangaren, a watan Mayun 2022 aka sanar da cewa EA da hukumar FIFA za su raba gari bayan kusan shekara talatin. FIFA 23 shi ne na ƙarshe da ya ɗauki sunan, EA Sports FC 24 kuma ya fito a watan Satumban 2023. A 2024 hukumar FIFA ta haɗa hannu da Konami, aka yi gasarta ta duniya da eFootball a birnin Riyad na Saudiyya.

Abin da masoya FIFA ke yabawa

Babbar hujjar masoya FIFA ita ce lasisi. Wasan yana ɗauke da sunayen ƙungiyoyi da tamburansu da rigunansu na gaskiya, musamman na gasar Firimiyar Ingila wadda EA ke riƙe da cikakken lasisinta. Ga matashin da ke goyon bayan Arsenal ko Chelsea, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yana ganin ƙungiyarsa da filinta kamar yadda yake gani a gidan kallon ƙwallo. Tun daga FIFA 19 kuma EA ya karɓe lasisin gasar Zakarun Turai, wanda ya shekara goma a hannun Konami.

Abu na biyu shi ne yawan sassan wasa. Akwai sashen da mutum zai zama koci ya sayi 'yan wasa ya sayar, da sashen Ultimate Team da aka fara a FIFA 09, inda ake haɗa ƙungiya da katunan 'yan wasa. FIFA 16 ya shigo da ƙungiyoyin mata na ƙasashe, FIFA 17 ya zo da labarin wani matashin ɗan wasa na ƙirƙira mai suna Alex Hunter, FIFA 20 kuma ya kawo ƙwallon titi. Masoya wasan suna kuma yaba sauƙin koyonsa da yawan salon yanka da ake iya yi da sandar dama ta hannun gem.

Abin da ake kushe FIFA da shi

Ƙorafin da aka fi ji shi ne cewa sabon wasan kowace shekara bai cika bambanta da na bara ba, sai dai sauyin riguna da jerin 'yan wasa, amma ana biyan cikakken kuɗi. Wasu kuma na ganin gudu ya fi komai tasiri a wasan, ta yadda ɗan gaba mai sauri yakan fi wanda ya iya raba ƙwallo amfani. Masu wasa a Najeriya sun ga haka da Ahmed Musa, ɗan wasan da ya buga wa Kano Pillars, wanda aka riƙa rububinsa saboda gudunsa lokacin da yake Leicester City.

Ƙorafi mafi nauyi ya shafi Ultimate Team. A wannan sashe ana sayen ƙunshin katuna ba tare da sanin wanda ke ciki ba, abin da masu suka ke kamantawa da caca. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin wannan ciniki caca ne, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin da ake sayen katunan da kuɗi a ƙasar.

Akwai kuma zargin da ya yaɗu tsakanin masu wasa cewa na'urar takan taimaki wanda aka ci don wasa ya yi zafi. A 2020 wasu mutane sun kai ƙarar EA a jihar Kaliforniya a kan wannan batu, amma suka janye a 2021 bayan an ba su damar tattaunawa da injiniyoyin kamfanin. EA ya sha musanta zargin, sai dai hakan bai sa masu wasa sun daina faɗa ba idan aka zura musu ƙwallo a minti na 90.

Abin da masoya PES ke yabawa

Masoya PES sukan ce wasansu ya fi kama da ƙwallon gaske. A ganinsu ƙwallon tana da nauyi, fas yana buƙatar lissafi, kuma cin ƙwallo sai an gina shi daga baya. Suna kuma yaba yadda kowane fitaccen ɗan wasa ke motsi irin nasa. Har yanzu ana ba da labarin Adriano na Inter Milan a PES 6, wanda aka ba ƙarfin shot 99, da yadda ake ɗauko Roberto Carlos daga baya a mayar da shi gaba saboda gudu da ƙarfin ƙafarsa.

Sashen Master League ma yana da masoya na musamman. A cikinsa mutum yana farawa da raunanan 'yan wasa na ƙirƙira irin su Castolo da Minanda, ya riƙa cin wasanni yana tara maki har ya sayi taurari. Daga PES 2016 kuma muryar mai sharhi Peter Drury ta ƙara wa wasan armashi. A yau babbar hujjar masoya eFootball ita ce kyauta ne, kuma yana tafiya a wayar hannu.

Abin da ake kushe PES da shi

Rashin lasisi shi ne tabon da ya daɗe yana bin PES. Shekaru da dama Manchester United tana fitowa da sunan Man Red, Manchester City da Man Blue, Arsenal da North London, Liverpool da Merseyside Red, Chelsea kuma da London FC. Konami ya riƙa ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyi ɗaiɗai don rage wannan giɓi. A 2019 ya keɓe Juventus ga wasansa, har FIFA 20 ya koma kiranta Piemonte Calcio. Masu wasa da kansu ma sukan gyara sunaye da riguna su raba wa juna.

Ana kuma kushe tsarin shafukan zaɓi na wasan da cewa ya tsufa, da maimaituwar kalaman masu sharhi. Bayan komawa eFootball, tsofaffin masoya sun koka da rashin Master League da kuma yadda aka karkata ga wasa ta intanet, wanda bai dace da mai ƙarancin data ba.

Muhawarar a ƙasar Hausa

A Arewacin Najeriya yawancin matasa ba a gida suka fara sanin waɗannan wasanni ba, a shagon gem ne. Shagon gem ɗaki ne ko rumfa da ke da talabijin da na'urar PlayStation da benci, inda ake biyan kuɗin kowane wasa. Ƙa'idar da aka saba ita ce wanda aka ci ya tashi ya ba na gaba wuri, wani lokaci kuma shi ne zai biya. Saboda mutum biyu ne ke zaune gefe da gefe ga 'yan kallo a bayansu, abin da ake auna wasa da shi a nan ya bambanta da na Turai. Ultimate Team da wasa ta intanet ba su da tasiri sosai. Abin da ake dubawa shi ne saurin buɗewar wasan, da adalcinsa tsakanin mutum biyu, da ko jerin 'yan wasan na bana ne.

Wannan ya sa PES ya daɗe da ƙarfi a ƙananan garuruwa. PlayStation 2 tana da arha da sauƙin gyara, kuma ko bayan PES 2014, wanda shi ne na ƙarshe da Konami ya yi mata, masu gyaran manhaja sun ci gaba da sabunta tsohon wasan da sababbin 'yan wasa. Haka ake yi a waya da manhajar PPSSPP, wadda ke buɗe wasannin na'urar PSP. A kasuwannin waya irin su Farm Centre da ke Kano ana ɗora wa mutane wasanni, abokai kuma suna tura wa juna ta Xender ba tare da kashe data ba. FIFA ya fi ƙarfi a shagunan da ke da PlayStation 4 ko 5, waɗanda suka fi yawa a cikin birane.

A yankin noman rani na Kadawa, wanda ya haɗa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam kuma yake shan ruwa daga madatsar Tiga, matasa da yawa suna samun kuɗin hannu daga aikin shinkafa da tumatir da alkama. A irin waɗannan garuruwa zaɓin wasa yana bin wuta da data. Shagon da ya dogara da janareto dole ya sa kuɗin mai a lissafi, kuma wannan kuɗi ya ƙaru bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu, 2023. Shi ya sa wasannin waya da ba sa buƙatar intanet kullum, kamar Dream League Soccer na kamfanin First Touch Games da ke Ingila, suka shigo muhawarar a matsayin na uku.

Wani ƙorafi da ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa shi ne rashin gasar Firimiyar Najeriya a wasannin. Mai goyon bayan Kano Pillars ko Katsina United ba zai samu ƙungiyarsa ba sai a kwafin da aka gyara, alhali Kaizer Chiefs da Orlando Pirates na Afirka ta Kudu sun sha fitowa a FIFA. EA ya saka Jay-Jay Okocha da Nwankwo Kanu cikin katunan tsofaffin taurari.

Kalmomi

Yawancin kalmomin da ake amfani da su a shagon gem aro ne daga Turanci, an daidaita su da tsarin sautin Hausa. Da yake Hausa ba ta bambanta sautin p da f, sau da yawa ana furta PES kamar Fes, kamar yadda aka samu fas da fenariti. Akwai kuma gem, da kona, da gola, da shot. Wasu kalmomin kuwa na gida ne da aka faɗaɗa ma'anarsu: yanka na nufin wuce abokin hamayya da ƙwallo, ci na nufin zura ƙwallo ko yin nasara, hannu kuma na nufin abin da ake riƙewa a sarrafa wasan.

Damuwar iyaye da malamai

Iyaye da malamai sukan nuna damuwa a kan lokacin da yara ke ɓatawa a shagunan gem, musamman a lokutan makarantar boko da Islamiyya, da kuma sa kuɗi a kan sakamakon wasa, wanda caca ce da Musulunci ya haramta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da saka jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022. Hukumar ta bayyana cewa matsalar tana shafar kaso kaɗan ne na masu wasa, kuma ana gane ta ne idan wasa ya danne karatu ko aiki ko hulɗa da iyali na tsawon aƙalla wata goma sha biyu.