Yautai Iri Biyu

Kalmar yautai ɗaya ce a bakin Hausawa, amma tsuntsayen da ke amsa ta sun fi ɗaya. Biyu daga cikinsu sun isa a rarrabe su.

Na farko shi ne wanda masana ke kira Caprimulgus longipennis. Lokacin barbara namijinsa yakan fid da dogon gashi guda a kowane fiffike, tsirara kamar tsinke, sai tuta a ƙarshe. In ya tashi da almuru, sai a ce ƙananan tsuntsaye biyu ne ke binsa. Na biyu kuwa, Caprimulgus climacurus, doguwar wutsiya gare shi, da farin tabo a fiffike.

Dukansu a ƙasa suke saka ƙwai, ba sheƙa. Amma gashin na farko zubewa yake bayan barbara, tamatar kuwa ba ta da shi sam. Saboda haka wutsiya ita ce shaidar da za a riƙe. Kukansu ma dabam ne: na farko siriri kamar na gyare, na biyu gurnani mai tsawo.

Ya kamata mai tsara ƙamus da malamin makaranta su lura, kada a ba yara siffar ɗaya a ce ta kowane yautai ce.