Firdausi: Daga Katangar Lambu Zuwa Aljanna

Yau shirinmu a kan wani suna ne da ake yawan raɗa wa 'ya'ya mata a nan Madarunfa: Firdausi. Kowa ya san ita ce aljanna mafi ɗaukaka, kuma Alƙur'ani ya ambace ta sau biyu, a ƙarshen Suratul Kahfi da farkon Suratul Mu'uminuna. Amma asalin kalmar daga Farisa ne, wato Iran ta yau. A harshen tsohon littafinsu Abesta, "pairi" na nufin kewaye, "daeza" kuma katanga. Sarakunansu kan katange fili, su jawo masa ruwa, su dasa itatuwa, su saki namun daji don farauta. Marubucin Girka Zinofon, wanda ya bi rundunar Sairus Ƙarami na Farisa a shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ga irin wannan lambu, ya shigar da kalmar cikin Girkanci. Daga baya Yahudawan Iskandariyya masu fassara Attaura zuwa Girkanci suka kira lambun Annabi Adamu da ita.

Yaya aka yi katanga ta zama aljanna? Mai lambu a bakin tafkin Madarunfa ba ya buƙatar dogon bayani. Da rani, cikin shingensa na ƙaya zogale da tumatir kore shar, ƙasa na ƙamshin ruwa. A waje kuwa ƙura da awaki masu neman ɓaraka. Farisa ma ƙasar fari ce, ni'imar da aka tsare ita ce ƙarshen buri.

Wani malami zai ce: ai Alƙur'ani Balarabe ne, ina Farisanci a ciki? Maganar ba ta banza ba ce, don Imamu Shafi'i kansa ya tsaya a kanta. Sai dai Mujahidu, almajirin Ibnu Abbas, ya ce firdausi lambu ne a harshen Rumawa. Imamu Suyuɗi, wanda ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa, ya kuma rasu a 1505, ya tattara irin waɗannan kalmomi a cikin littafinsa Itƙan. Malami Abu Ubaidu ne ya raba gardama, kuma ra'ayinsa ne na fi gamsuwa da shi: tushen baƙo ne, amma Larabawa sun tanƙwasa kalmomin bisa harshensu tun kafin wahayi ya sauka, har suka zama Larabci. Ita firdausi har jam'i suka yi mata, "faradis".